Jarrabawar Ƙafar Hagu

"Umma, don girman Allah ki gwada ko wannan ne! Taɓa fatarsa ki ji, laushi kamar auduga!"

Auta ce durƙushe a tsakiyar falo, kwalayen takalma har tara sun kewaye ta, duk sababbi fil daga masana'anta. Umma kuwa tana kan kujerar nan da ta zame mata mazauni tun wata bakwai da suka wuce, ta rufe ƙafafunta da bargo duk da zafin da ake yi. Ko kallon takalmin ba ta yi ba.

"Na ce miki ba inda za ni. Wanda ba ya fita me zai yi da takalmi?"

"To ai shi ya sa nake so ki fita! Ko tsakar gida ne ki ɗan taka. Rabonki da ƙofar gidan nan tun rasuwar Baba."

Umma ta kau da kai, Auta ta mayar da takalmin cikin kwali jikinta a sanyaye. Abin takaici ne, kuma abin dariya ga wanda ba nasa ba: gidan Baba Mai Takalma guda, a ce matar gidan ta ƙi sa takalmi!

Shi Baba Mai Takalma ba ɓoyayye ba ne. Da akwatin katako da guduma ɗaya ya fara, a bakin titi, yana gyaran takalman masu wucewa. Ya bar duniya da masana'anta mai ma'aikata sama da ɗari huɗu. Amma in ka tambaye shi abin da ya mallaka, ba masana'antar zai fara ambata ba. Wata doguwar rumfa zai nuna maka a bayanta, makarantar koyon sana'a da ya buɗe shekara talatin da suka wuce, inda maza da mata ke koyon ɗinkin takalmi da hannu, kyauta. Can yake yini, can yamma ke riskarsa, har Umma ta gaji da mita ta zuba masa ido.

Ƙarar mota ta katse su. Babban ɗan gidan ne, wanda tun da ya hau kujerar mahaifinsu kowa ke kiransa Manaja, har Auta ta mayar da shi Yaya Manaja don tsokana. Ya shigo waya manne da kunne, ya gaida Umma a gurguje, ya dubi kwalayen.

"Har yanzu ba ta zaɓa ba? Umma, lamba talatin da takwas ce fa, lambarki. Sabon sitayil ne, ko kasuwa bai shiga ba."

"An gode. Allah ya yi albarka."

Ya zauna a hannun kujera yana duba agogo. "Magana biyu ce ta kawo ni, kuma yau ina bizi ƙwarai. Ta farko, sababbin injina na kan hanya, ba kuma inda za a kafa su sai rumfar baya. Ranar Asabar ta ƙarshen wata ɗalibai za su yi jarrabawar fita. Suna gamawa zan sa kwaɗo."

"Yaya! Makarantar Baba?"

"Zamanin ɗinkin hannu ya wuce, Auta. Inji ɗaya na yin aikin mutum hamsin. Magana ta biyu kuma taki ce. Malamin nan nasu, wane ma kuke ce masa? Basilla! Ya aiko manyansa wurina neman aurenki. Na ba su haƙuri."

Auta ta miƙe tsaye, kwali ya faɗi daga cinyarta. "Ka ba su haƙuri? Ba ka ko tambaye ni ba?"

"Me zan tambaya? Ke da digiri, shi da gam a farce! Ki tashi daga ofis mai sanyi ki koma gidan baduku?"

"To Baba mene ne? Ba baduku ba ne?"

Ta juya ga mahaifiyarta idanu cike da ƙwalla. "Umma, ki sa baki! Kin san shekara uku ke nan ba wanda nake saurara sai shi. Baba ma ya sani, dariya kawai yake yi in ya gan mu."

Umma ta yi magana cikin muryar da ta dushe. "Na zauna da baduku shekara arba'in da ɗaya, Auta. Na san daɗinsa, na san wahalarsa. Rumfar nan ta cinye mini rabin mijina. Abinci ya huce ina jira, yana can yana koya wa 'ya'yan wasu riƙon allura. Ba na so ke ma ki yi irin wannan jiran. Abin da Yayanki ya yanke shi ke nan."

Auta ta ruga ɗaki tana kuka. Ta san abin da rufe makarantar ke nufi. Wani kamfani a wani gari mai nisa ya daɗe yana zawarcin Malam Basilla, shi kuma makarantar ce kaɗai da ita Auta suka riƙe shi. In an sa kwaɗo kuma an hana shi aure, me zai zauna yi?

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Auta na gyara ɗakin Umma ita kuma tana barci a falo, sai hannunta ya taɓo wani ƙunshi a can ƙasan durowa. Tsohon ɗankwali ne, a cikinsa takalmi baƙi mai rufi, irin wanda Umma ta saba sawa. Auta ta san shi sarai. Tun tasowarta ba ta taɓa ganin mahaifiyarta ba takalmi a wajen ɗakinta ba, ko kicin za ta shiga, har suna tsokanarta wai matar mai takalma tana yi wa mijinta talla. Baba ne ke kawo mata, ƙafa biyu duk shekara. Wannan na ƙarshen ya ci duniya: ƙasansa ya tsage, dunduniyar ta karkace.

"Allah sarki, na Baba take so," in ji Auta a ranta. Ta tura ƙunshin cikin jaka ta fice.

Kafin ka shiga rumfar, warin gam da ƙamshin sabuwar fata ne ke tarbarka. Dogayen tebura uku, kowane ɗalibi da gudumarsa da almakashinsa da gwangwanin ƙananan ƙusoshi. A jikin bango katakan ƙafa ne rataye bi-da-bi, wato itacen da ake sassaƙawa da siffar ƙafar mutum a ɗinka takalmi a kansa. Can gefe guda kuma, a kan ƙusa ta daban, akwai wasu guda biyu da suka yi baƙi saboda shan hannu. Su ake kira katakan jarrabawa.

Duk wanda ya taɓa karatu a rumfar nan ya san su, wasu har mafarkinsu suke yi. Na dama lafiyarsa ƙalau. Na hagun ne masifa: ya ɗan karkata ciki, kuma dole a gina masa fata mai kauri hawa huɗu daga ciki, don ƙafar da aka yi shi dominta ta gaza 'yar'uwarta tsawo da yatsa biyu. Sharaɗin Baba ɗaya ne. Za a ajiye takalmin a kan tebur, shi ya tsaya a bakin ƙofa. In ya iya gane wanne ne mai ginin daga nan, ɗalibi ya faɗi, sai baɗi. Takalmin da ya fi kyau a shekarar kuwa Baba kan sa shi a jakarsa ya tafi da shi. Ba wanda ya san ƙafar waye, kuma ba a tambaya, don doka ta farko da ake koya wa sabon shiga ita ce: abin da ka gani a ƙafar mutum, a ƙafar za ka bar shi.

Malam Basilla na tsaye a kan wata ɗaliba yana gyara mata riƙon zare. Dogo ne siriri, shi ya sa sunan babbar allurar dukawa ya bi shi. Maraya ne da ya shigo rumfar yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya fita da sakamakon da ba a taɓa samu ba, Baba ya riƙe shi ya zama malami. Da ya hango Auta sai ya zare fensir daga bayan kunne yana murmushi.

"A'a! Yau manyan ofis ne a rumfar talakawa? A kawo kujera, kada gam ya taɓa digiri!"

"Kai ma ka ji abin da Yaya ya faɗa ke nan." Ta harare shi, amma idonta ya kawo ruwa. "Kuma kana dariya."

"In ban yi dariya ba ɗalibaina za su ga malaminsu na kuka, ga jarrabawa a gaba. Me kika kawo mana?"

Suka koma ƙarshen rumfar. Ta kwance ɗankwalin. Ya ɗauki na dama ya juya shi, ya ɗauki na hagu, ya zura hannu ciki yadda kowane baduku ke yi ba tare da tunani ba. Nan take murmushin ya ɗauke. Yatsunsa sun ji hawa huɗu. Ya ɗaga takalmin ya dubi ɗinkin gefensa, ya gane zaren, ya gane hannun, don nasa ne. Shekara shida ke nan, tun da hannun Baba ya fara rawa, yakan sa shi ya ɗinka ƙafa biyu a kan katakan jarrabawa wai don nuna wa ɗalibai misali, daga baya ya sa a jaka ya tafi.

"Na waye?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Na Umma. Lafiya? Ka yi wani iri."

Ya ɗaga kai ya dubi katakan nan biyu da ke rataye, ya daɗe yana kallonsu. "Tun yaushe rabonta da fita?"

"Tun rasuwar. Baƙin ciki ne ya zaunar da ita."

"Haka ne," ya ce a hankali. "Wannan ba zai gyaru ba, Auta. Ba ni kwana huɗu, zan ɗinka mata sabo irinsa."

Auta ta tafa hannu. "Shi ke nan! Wallahi dabara ta zo! In ta ga irin na Baba sak, sai in ce kai ka yi, ka ga zuciyarta za ta yi laushi, sai ta..."

"A'a. Ki ajiye mata kawai. In ta tambaya ki ce daga makaranta yake."

"Saboda me?"

"Saboda haka ya kamata."

"Wane irin haka ya kamata? Ka ga wani abu a takalmin nan, na ga fuskarka! Mene ne?"

"Ba abin da zan iya faɗa miki."

Ranta ya ɓaci. "Saura kwana goma a rufe wurin nan, a raba mu! Ga dama ta zo har hannunka kana wani noƙewa. Ko dai ka fi son ka tafi ne? Faɗa mini gaskiya, ka riga ka amsa wa kamfanin nan?"

Ya buɗe aljihun teburinsa ya nuna mata takardar kamfanin, ba sa hannu a kanta. "Ina sonki, Auta, Allah ya sani. Ranar da zan bar garin nan ban san yadda zan ɗaga ƙafata ba. Amma Baba ya ɗauke ni ba ni da kowa, ya sa mini sana'a a hannu. Ba zan mayar da takalmin matarsa abin ciniki ba. In Umma za ta ba ni ke, ta ba ni don ta yarda da ni."

"To zauna da gaskiyarka!" Ta fizgi jakarta ta fita tana share hawaye, ɗalibai suka sunkuyar da kai kamar ba su ji komai ba.

Shi kuwa ya san abin da ke hannunsa. Da ya faɗa wa Manaja kalma ɗaya, cewa mahaifiyarka ba baƙin ciki kaɗai ya zaunar da ita ba, kuma duk injinanka ba mai iya yi mata takalmi, da magana ta canja. Ya auna wannan a ransa, ba sau ɗaya ba. Sai dai matar da ta ɓoye abu shekara arba'in, har ga 'ya'yan cikinta, ba shi ne zai kwance mata zani a kasuwa ba. Ya sauko da katakan, ya zaɓi fata mafi laushi, ya fara yanka.

Ranar da ya cika alkawari Auta ta karɓi ƙunshin ba ta ko gaishe shi ba. Ta ajiye a bakin gadon Umma ta koma falo. Can sai ta ji an turo ƙofar ɗakin an rufe. Shiru. Sannan ta ji wani sauti da ta manta da shi a gidan: ƙwas, ƙwas, ƙwas, taku daidai wa daida, daga bango zuwa bango.

Ƙofa ta buɗe. Umma ce tsaye cak, hawaye na bin kumatunta.

"Auta! Ina kika samo wannan?"

"Daga... daga makaranta, Umma."

"Na sani! Ɗinkin Babanku ne, ko cikin duhu na shafa zan gane shi. Ashe ya bar mini wani kafin ya tafi! Allah ya jiƙanka, bawan Allah, Allah ya sa ka huta!"

Maganar ta zo wa Auta har leɓe. Ta tuna fuskar Basilla, ta haɗiye ta da ƙyar. A ranar Umma ta zagaya tsakar gida sau uku, ta leƙa kicin ta yi wa kowa faɗa a kan tukwane, gida ya dawo gida.

Da safiyar Asabar ta fito da mayafinta. "Tashi ki kai ni rumfar nan. Yayanki zai sa a kwashe kaya a zubar, wataƙila akwai sauran da Babanku ya ajiye mini a wani lungu."

Rabon Umma da rumfar tun ranar da aka buɗe ta. Sun tarar da ita cike. Tsofaffin ɗalibai sun ji labarin rufewa sun zo sallama: masu shaguna, masu ƙananan masana'antu, wata mata da goyo, wani mai furfura. A kan dogon tebur takalma ƙafa goma sha biyu ne jere, na masu jarrabawa. Malam Basilla na tsaye a bakin ƙofa inda Baba ke tsayawa. Manaja kuma na gefe da ƙaton kwaɗo a hannu yana duba agogo. Da ya ga mahaifiyarsa sai da kwaɗon ya kusa suɓuce masa.

"Umma! Ke ce da kanki?"

Idonta ya riga ya sauka a kan katakan nan biyu. Ta taka har gaban bangon, ta sauko da na hagu, ta shafa wani ɗan gurbi a dunduniyarsa.

"Wannan ai... da wuƙar kicin ɗina ya sassaƙa shi. Ga inda ta zame ta yanke shi a yatsa. Me yake yi a nan?"

Mai furfurar nan ya matso da ladabi. "Ranki ya daɗe, katakon jarrabawa ke nan. Ni ina cikin 'yan ajin farko, sau biyu yana kayar da ni! Duk wanda kika gani a nan sai da ya ɗinka takalmi a kansa kafin Baba ya ba shi satifiket."

Umma ta juya ga teburin. Ta zura hannu cikin na hagun farko. Ta zura a na biyu, ta zura a na uku. Auta ta matso ta riƙe ta.

"Duka? Shekara talatin?"

"Duka, ranki ya daɗe."

Ta dubi takalmin da ke ƙafarta, sannan ta dubi Basilla. "Kai, zo nan. Wannan da ke ƙafata, a ina mijina ya ajiye shi?"

Basilla ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Magana nake yi maka!"

"Umma, shi ya ɗinka!" Auta ta fashe da kuka. "Kwana huɗu ya yi yana yi. Ya hana ni faɗa, har faɗa muka yi!"

"Ƙarya ne! Na san ɗinkin mijina. Irinsa nake sawa shekara da shekaru."

"Ki gafarce ni, Umma," in ji Basilla a hankali. "Shekara shida ke nan hannun Baba ba ya iya riƙe allura. Ni yake sawa. Kafin nan ma, in na ɗalibi ya yi kyau ƙwarai yakan tafi da shi. Wallahi ban san naki ba ne sai ranar da Auta ta kawo tsohon."

"Ka sani tun ranar, kuma ka san mun hana ka 'yarmu, ka san za a rufe wurin nan. Me ya hana ka magana?"

"Doka ta farko ce, Umma. Abin da ka gani a ƙafar mutum, a ƙafar za ka bar shi."

Manaja ya matso a ruɗe. "Wai me ake ciki ne? Wace ƙafa? Malam, sallami mutanen nan mu yi magana ta cikin gida."

"Ba inda za su," in ji Umma. "Shekara talatin suna wahala da ƙafata, yau sai su ga mai ita."

Ta zauna a kan benci, ta cire takalman da hannunta, ta miƙe. Ta taka daga teburin zuwa bango ba takalmi. Kowane taku sai kafaɗarta ta hagu ta faɗa ƙasa, ta ɗago, ta sake faɗawa. Auta ta toshe bakinta da hannu.

"Ina 'yar shekara tara mota ta buge ni," in ji Umma. "Ƙashin ya haɗe a gajarce. Ba sunan da ba a kira ni da shi ba, har na daina fita. Wata rana igiyar takalmina ta tsinke a gaban wani mai gyara a bakin titi. Ya duba ƙafata bai ce komai a kanta ba, ya ce in dawo bayan mako guda. Ranar da na sa abin da ya ɗinka mini na yi tafiya a miƙe, na yi kuka a tsakiyar titi. Shi ne ubanku. Na roƙe shi kada kowa ya sani, ko 'ya'yanmu, kuma bai taɓa faɗa ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Akwai ranar da na ce masa, in ka riga ni tafiya wa zai yi mini? Ya yi dariya ya ce, kwantar da hankalinki, hannu ɗari zan bar miki. Na ɗauka irin zolayarsa ce. Ni kuwa ina gida ina fushi abinci ya huce, ashe yana nan yana cika alkawari!"

Kuka ya ci ƙarfinta. Matar nan mai goyo ta ce cikin hawaye, "Umma, ba ke kaɗai ba. Da abin da katakon nan ya koya mini nake yi wa masu lalurar ƙafa takalmi a unguwarmu. Da shi nake ciyar da 'ya'yana."

Manaja ya ajiye kwaɗon a kan tebur kamar ya ƙona shi. Ya zube a gaban mahaifiyarsa. "Kwali tara na aiko miki, Umma. Kwali tara! Ina ta cika baki da lamba talatin da takwas, ban taɓa durƙusawa na dubi ƙafarki ba. Wata bakwai kina zaune, ni mai masana'antar takalma guda! Ki yafe mini."

"Rashin sani ya fi dare duhu, ni na ɓoye muku. Amma tun da ka durƙusa, auna ta."

Ya dubi ƙafar, ya dubi hannunsa, ya rasa ta inda zai fara. Basilla ya zare fensirin bayan kunnensa, ya miƙa masa tare da farar takarda.

"Ta dunduniya ake farawa, Yaya. Riƙe fensirin a tsaye."

Manaja ya zana wani abu mai kama da kifi, rumfar ta kwashe da dariya, har Umma da hawayenta.

"Sori, Malam," ya ce yana share fuska. "Akwai gurbin ɗalibi mai taurin kai a ajinka? Injina kuwa a nema musu wani wuri, ko a ofishina ne."

"Akwai. Sai dai ka sani, ba a cin jarrabawar nan da sanayya."

Umma ta mayar da takalmanta, ta kamo hannun Basilla ta juya shi tana kallon kantar da zare ya yi masa da baƙin gam a farce. "Shekara shida hannun nan ke ɗauke da ni ban sani ba, ban ko taɓa cewa an gode ba. Na gode, ɗana. Wanda ya riƙe sirrin tsohuwa alhali faɗarsa za ta amfane shi, zai riƙe mini 'yata." Ta dubi Auta. "Ke kuma in abinci ya huce, ki ɗumama, kada ki yi irin mitata."

"Umma!" Auta ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

Wata uku bayan haka aka yi auren. Makarantar tana nan, har an ƙara mata aji na musamman don takalman masu lalurar ƙafa, kuma ranar jarrabawa Umma ce ke tsayawa a bakin ƙofa, ta fi Baba tsanani nesa ba kusa ba. Manaja ya faɗi a shekararsa ta farko.

'Yan'uwa matasa, kada ku raina mai sana'a don kun ga gam a farcensa, wataƙila hannunsa ne ke ɗauke da ku ba ku sani ba. Mahaƙurci mawadaci ne: Basilla ya yi shiru a inda magana za ta biya masa buƙata, Allah ya ba shi abin da yake so da mutuncinsa. Shi kuwa Baba Mai Takalma, masana'anta ya bar wa 'ya'yansa, amma matarsa hannuwa ya bar mata, kuma har yau duk shekara ƙafa goma sha biyu ake ɗinka mata, ta zaɓi wanda take so.